DAO ba wai babu oga ba ne

Jiya a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Legas, wani ƙanena mai gyaran waya yake ce min zai zuba jarinsa a DAO, wata irin ƙungiyar haɗa jari ta intanet, wai can babu oga, kowa daidai yake da kowa. Na ce ɗan'uwa tsaya tukuna. Gaskiya babu manaja babu ofis, dokokin ƙungiyar a furogiram suke a kan blockchain (kundin ajiyar bayanai na intanet da ba mutum ɗaya ke riƙe da shi ba), kuɗin na asusu ɗaya kamar adashi, ba a taɓa ko kobo sai an kaɗa ƙuri'a. Amma fa yawanci da tokin, wato kuɗin intanet na ƙungiyar, ake auna ƙuri'ar, mai tokin dubu goma shi kaɗai ya danne mutum ɗari masu goma goma, to wannan in ba oga ba mene ne?

Furogiram ɗin ma yana kuskure. A 2016 wata mai suna The DAO da ke kan blockchain ɗin Ethereum ta tara kusan dala miliyan 150, wani ya gano ɓaraka ya kwashe wajen kashi ɗaya cikin uku.

Amfanin DAO yana nan, kana Agege ka haɗa jari da na Kano ko Dubai ba sai banki ya shiga tsakani ba. Na dai ce masa ya fara duba wa ke riƙe da yawancin tokin.