Ranar da ke jikin tutar New Mexico daga tulu aka kwaso ta

Ku nemo hoton tutar jihar New Mexico ta Amurka ku duba. Ƙyalle ne ruwan ɗorawa, da jar da'ira a tsakiya, layuka huɗu-huɗu sun miƙe gabas da yamma, kudu da arewa, wato zanen rana. Asalin wannan zane a jikin tulu yake, tulun mutanen Zia, ɗaya daga cikin garuruwan Pueblo, wato 'yan asalin yankin da suke wurin tun kafin zuwan Turawa. Wani likita, Harry Mera, ya ga tulun a gidan tarihi a Santa Fe, ya kwafi ranar, a 1925 ta zama tutar jiha. Ko sallama ba a yi wa mutanen Zia ba. Lokacin ma 'yan asalin ƙasar ba su da ikon jefa ƙuri'a a jihar, sai 1948.

Wani zai ce ai zane ne kawai, mene ne abin tada jijiyar wuya? Ya je ya ga yadda ake yin sa tukuna. Mai ginin tulun ba ta da injin juyi, murɗa yumɓu take yi kamar igiya tana ɗorawa har tulu ya tashi. A Acoma, wani garin na Pueblo, tsingaron tsofaffin tukwane suke niƙawa su cuɗa da sabon yumɓu, wato tulun kaka yana cikin na jika. Baƙin fentin kuwa wani ganye ake dafawa har ya yi kauri. Burushin ganyen yuka ne, wani tsiro mai dogayen ganye masu zare, ta tauna bakinsa har zaren ya fito, da shi take ja siraran layukan nan jere da juna, hannu ba ya rawa. Sannan a gasa a fili da busasshen kashin tumaki ko na shanu. Gindin tulun a lotse yake don ya zauna a ka, wanda duk ya taɓa naɗa gammo ya gane dabarar.

Kuma layukan magana suke yi. Ƙasa ce mai fari, don haka siraran layukan ruwan sama ne, masu kama da matakala gajimare. A tulunan Zuni, su ma mutanen Pueblo ne, za ka ga barewa da jan layi daga baki har zuciya. Abin da ya fi burge ni shi ne layin da ke zagaye wuyan wasu tsofaffin tuluna, ba a haɗe bakinsa, da gangan ake barin 'yar kafa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kuskure ne.

Na san za a kawo min Nampeyo, shahararriyar maginiyar nan ta ƙasar Hopi, wata al'ummar Pueblo, a ce ita ma daga tsingaron kangon Sikyatki, wani tsohon garin Hopi, ta samo zanenta. Haka ne, amma ƙasarsu ce, kuma ta durƙusa ta yi aikin da hannunta. Ina haɗinta da mai buga ranar Zia a riga da kwalbar giya, alhali a wurin masu ita abu ne na ibada?

Yanzu wasu kamfanoni kan je Zia neman izini kafin su yi amfani da alamar, su sa wani abu a asusun karatun yaran garin. Sauran har yau bugawa kawai suke yi.