Kwatar gari ita ce rijiyar mutanen Korama

Duk sanda aka tayar da zancen tace ruwan ƙazanta a Damagaram, sai ka ji an ce: mu da ba mu da kogi, me za mu gurɓata? Gaskiya ne ba mu da gulbi mai gudu rani da damina irin na Yamai. Amma muna da Korama da rassanta, waɗanda suka ratsa ƙasar Matameye da Mirriya da Magarya suka nufi Najeriya. Da damina ruwan yana gudu a sarari. Da rani yana kwance ƙarƙashin rairayi, kusa ƙwarai, shi ya sa mai garkar rake ko kabeji yake haƙa 'yar gajerar rijiya ya tarar da shi.

Wannan kusancin shi ne abin tsoron. Ruwan kwata, da na mahauta, da na majema, da abin da motocin yashe salga ke zubarwa a bayan gari, ba ɓacewa suke ba. Ruwan farko yana kwashe su zuwa tafki da kwari, rairayi ya tsotse, su gangara wa ƙauyen da ke ƙasa. Ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki suna bin ganyen salati su dawo kasuwa. Akwai kuma sinadarin naitret, wanda ba ya da launi ko wari, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ta ruwan sha, domin yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata.

Wasu za su ce tashar tacewa ta masu arziki ce. Idan irin ta Windhoek ake nufi, babban birnin Namibiya da ke mayar da ruwan ƙazanta ruwan sha tun 1968, to, da gaskiyarsu: tana cin wuta da kuɗi da ƙwararru, kuma inji mai tsada a garin da wuta ke ɗaukewa kwanansa kaɗan ne. Ƙaramin gari ba wannan yake bukata ba. Jerin tafkunan gini sun isa. A na farko, mai zurfi, dagwalo yake kwantawa ya ruɓe. A na biyu, gansakuka da ƙananan halittu suke cinye sauran datti. A na ƙarshe, marar zurfi, rana ce ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma rana dai ba mu rasa ta ba. In aka ƙara fili na tsakuwa da aka shuka wa kacalla, yana rage sinadaran da suka saura. Ruwan da ya fito zai shayar da itatuwa da ciyawar dabbobi, busasshen dagwalon kuma ya zama taki. A jahar da mata ke kwana layin famfo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da tafkunan suka fi ci shi ne fili, ga shi garuruwanmu suna ta yanka filaye ana sayarwa. Ya kamata kowace ma'aikatar magajin gari da ke bakin Korama ta keɓe nata tun yanzu, a gangaren gari, nesa da rijiyoyi, ta daɓe ƙasan da yumɓu don kada ya yoyo, sannan ta wajabta wa masu motocin salga su riƙa juyewa a nan kaɗai.