Ranar da aka ɗauke wuta a Sifaniya, wani ya ce min "kai ai ka saba"

Litinin 28 ga Afrilu 2025, ƙarfe 12:33 na rana, ina wajen aiki a Madrid sai ɗif, komai ya mutu. Na ɗauka na ginin mu ne kawai, ashe Sifaniya da Fotugal ne kusan gaba ɗaya. Muna saukowa ta bene a duhu saboda lif ta tsaya, wani abokin aikina ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce wai ni ai ba zan damu ba tunda na saba. Na yi murmushi, amma wallahi maganar ta tsaya min a rai har yau.

Ku da ke gida ba sai na muku bayanin ɗauke wuta ba, don haka bari in faɗa muku yadda nasu ya kasance. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a cikin rami, mutane suka fito suna haskawa da tocilan waya, danja ta mutu 'yan sanda na ba da hannu, katin banki ya ƙi aiki kuma da yawansu ba sa yawo da kuɗi a aljihu, sabis ya ɗauke, murhun girkin gidaje da yawa na lantarki ne, hatta ƙofar garejin gininmu sai da wuta take buɗewa. Na ga dattijo da kwat yana layin sayen rediyo mai batir. Babu janareto ko ɗaya a layinmu, shiru kamar maƙabarta.

Daga baya na zauna na karanta yadda abin yake, don haushi. Su wutarsu daga wurare da yawa take zuwa: manyan fankokin iska da suke kan tsaunuka, gonakin sola a kudu, madatsun ruwa, iskar gas, da injinan nukiliya guda 7. Banda sola, kusan duk dabara ɗaya ce, a samu abin da zai juya inji, ko ruwa ko iska ko tururi, shi kuma ya juya janareto. Sola ce kawai ke mayar da haske wuta kai tsaye ba abin da ke juyawa. Kuma wutar layi ba a tara ta kamar ruwa a randa, abin da ake sha a daƙiƙar nan dole a samar da shi a daƙiƙar nan, duk injinan suna tafiya tare a bugu 50 cikin daƙiƙa. In ƙarfin wuta ya haura, tashoshi su kan cire kansu don kada su ƙone, ɗaya na jan ɗaya. Abin da ya faru kenan, megawat kusan 15,000 ya ɓace cikin daƙiƙa 5.

To a gaskiya dole in yaba musu, kafin gari ya waye an dawo da kusan duka. Mu kuwa a Oktoban 2024 Arewa ta fi mako guda a duhu da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace. Kainji tun 1968 take, ga Jebba ga Shiroro ga Zungeru, ga gas kamar me, amma abin da ake rabawa mutum sama da miliyan 200 bai cika wuce megawat 5,000 ba, wato abin da suka rasa a daƙiƙa 5 ya ninka namu sau uku. Ban musa ba.

Amma shi mai dafa min kafaɗa bai san cewa cikin wutar da aka fara tayar da layinsu da ita har da wadda Maroko ta turo ta ƙarƙashin teku ba. Daga Afirka dai. Kuma ni ban ga abin dariya a sabo ba, mutumin da ya san lissafin batir da inbata, ya san awa nawa firji zai riƙe sanyi, ya san ya ajiye ruwa da tocila, ya fi wanda yini ɗaya ya sa shi kuka a bakin titi sanin menene wuta. Su suna shan ta ne kawai kamar iska.

Abin da ya fi damuna ma ba shi ba ne. Da magariba 'yata mai shekara shida, a nan aka haife ta, ta maƙale min tana kuka wai tsoron duhu take. Na fito da ita baranda na ce ta ɗaga kai, na nuna mata taurari ina ƙoƙarin tuna sunayensu da Hausa, kaza da 'ya'yanta kawai na tuno. Da aka kawo wuta maƙwabta suka ɗau tafi da ihu ta tagogi, irin ihun nan da kun sani, ita ma ta ruga ciki wajen talabijin ta bar ni a tsaye.

Washegari na kira Hajiya na ba ta labari tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama ta ce, "To Allah ya kyauta, yanzu yaushe za ka kawo min yarinyar?"