Dima a ɗakin amarya

(Gidan Alhaji Ƙanƙamo ne a Arkilla, cikin Sakkwato. Saura kwana uku amarya ta tare, sabon ɗaki ya sha fenti. Bala Mai Wuta yana tsaye gaban bango da dima a hannu, wato makunnin da ke rage hasken fitila ko ƙara shi. Tanko Birkila yana zaune bisa bokitin fenti yana cin goro.)

Alhaji: Injiniya, tun hantsi kake kallon bangon ga. Bashi kake bin shi?

Bala: Ranka shi daɗe, dimar ce ta ƙi shiga bokis ɗin da anka binne cikin bango.

Alhaji: Rage murya, Hajiya na bayan bangon ga. Ƙaƙa ta ƙi shiga? Uku-da-uku ka ce in sayo, uku-da-uku na sayo, kwali guda cur.

Bala: Awo, uku-da-uku ne, amma wannan faɗin baki ne. Ni zurfi nike magana. Ga tef, duba da idonka. Milimita 16.

Alhaji: To 16 kaɗan ne? Ni da shekara 16 na fara fatauci zuwa Illela.

Bala: Allah shi ƙara arziki. Amma bokis zurfi huɗu gare shi: 16, 25, 35 da 47. Mai 16 na makunnin fitila ne zalla, kunna-kashe, da 'yar waya mai 1.5. Mai 25 shi aka sa ma soket. Mai 47 na makunnin kukar girki ne ko hita, don wayarsu mai 6 ce, kauri gare ta, ba ta lanƙwasuwa ta daɗi.

Alhaji: Ita wagga fa?

Bala: Juya bayanta ka gani. Ka ga ƙullutun ga? Nan kayan aikinta suke. Dima ko ta gargajiya ce tana son 25. Wagga kuwa mai shafaffar fuska ce, kusan duk jikinta cikin bango shika shiga. Ga takardarta, 35 anka rubuta.

Alhaji: Mai shago ya rantse mani duk ɗaya ne.

Bala: Wanda ya kwana biyu bai sayar ba, shi ne duk ɗaya.

Tanko: (ya tofar da goro) Ku kun cika dogon turanci. Miƙo man guduma. Bugu biyu, ta shige har ta nemi ƙari.

Bala: Malam Tanko, ƙafa mai lamba 44 in ka tura ta takalmi mai 38 za ta shiga, tafiyar ce ba ta yiwuwa. Bayan dimar akwai wayoyi, su ma wuri suka so su kwanta. In ka matse su, ko bakin ƙarfe shi yanke rigar waya, ko kusar murfi ta huda ta. Daga nan bokis ɗin kansa ya ɗauki wuta, volt 230 cif. Ga shi dima ɗumi take yi in tana aiki, tana son sarari. Ka haɗa da zafin Afrilu na garin ga, da ka wuce 40, ka gaya man mi za ka samu.

Alhaji: Ƙauri.

Bala: Ka ga ka gane. Kai, tsaya ma. Ina wayar ƙasa da na bari nan? Ita ka ɗaure jikin bokis na ƙarfe, in wuta ta ɓalle ta bi ta can maimakon ta bi ta hannun amarya.

Tanko: Mai kore da ruwan ɗorawa? Na ga tana reto ba ta da aikin yi, na yanke na ɗaure bakin buhu.

Bala: Inna lillahi.

(Alhaji mutum ne da in ya ji maganar sake saye sai gumi ya karyo masa, ko da cikin sanyin Janairu ne. Ya cire hula, ya share goshi.)

Alhaji: To a sassaƙe bayan dimar kaɗan. Akwai kafinta nan ƙofar gida.

Bala: Ba ƙyaure ba ce, Alhaji.

Alhaji: To a sa doguwar kusa, a bar ta ta ɗan leƙo waje. Wa ka duba gefen makunni?

Bala: Ƙurar hunturu na dubawa. Kyankyaso na dubawa. In Allah ya kawo rabo, yatsan yaro ma na dubawa. In dai ba ka son a fasa bango, akwai dabara ta gaskiya. Ko a sa zoben roba da aka ƙara ma bakin bokis shi ba da zurfi, ko a ɗora bokis na bisa bango gaba ɗaya. Ba fasawa, ba sake fenti.

Alhaji: Madalla! Tun ɗazu ka ɓoye wagga magana?

Bala: Sai dai zai turo waje. Kowa ya shigo zai san gyara anka yi.

Alhaji: 'Yan jere ma za su gani?

Bala: Su da ka ƙirga ramukan labule?

Alhaji: A'a. Ba a yi da ni ba. Gwaggonta kaɗai ta isa ta kai labari har Bodinga kafin la'asar. A fasa. Tanko, tashi.

Bala: Kafin shi tashi, waɗanga ƙwayayen fitilar da ka sayo, na duba kwalinsu. Ba masu karɓar dima ba ne. In an rage wuta sai su riƙa ƙyaftawa suna ƙugi.

Alhaji: Ƙyaftawa? To ai gidan biki kuɗi aka biya a yi haka.

Bala: Gidan biki dare guda ne.

Alhaji: Kai dai yau ka rantse sai ka ga ƙarshen aljihuna. Naka ne shagon?

Tanko: (ya ɗauko kurfi da guduma) Ku matsa. Nawa za a ƙara?

Bala: Milimita 19 daga inda yake. A hankali don Allah. Bulon inci 6 ne, cikinsa rami, kuma makunnin Hajiya daidai nan yake ta wancan gefe. Ni na sa shi da hannuna.

Tanko: Yaro, kana goye nike gini. Simintin Kalambaina ne jikin bangon ga, ko harsashi sai ya yi sallama.

Bala: Simintin ba shi da laifi. Buhu guda bulo nawa kunka buga?

Tanko: Tambayi Alhaji.

Alhaji: 80. Albarka ce ta sauka.

(Bugu na farko, fenti ya zube. Na biyu, kurfi ya nutse. Na uku, kurfi ya tafi gaba ɗaya, aka ji ƙarar faɗuwar ƙarfe da fashewar tangaran a ɗaya ɗakin. Haske ya shigo ta ramin. Can sai ga ido guda, ya sha kwalli.)

Hajiya: Salamu alaikum, mutanen wancan gefe.

Alhaji: Hajiya... ɗan gyara ne muka yi.

Hajiya: Na gani, ya iso har cikin kabet ɗina. Bala, mi ke nan hannunka?

Bala: Dima ce, Hajiya. Ita ka rage hasken fitila, ta ƙara.

Hajiya: Ikon Allah. Shekara 22 ina gidan ga, ni fitilata ko ta kama ko ta mutu. Tun ɗazu nike jin karatunka. Wane ne mai zurfin duka, 47 ko?

Bala: Hajiya, wannan na kuka ne. Dima 35 ya ishe ta.

Hajiya: Ya ishi amarya. Ni ce babba, 47 za a sa man. Ɗaki da falo.

Tanko: Alhaji, wancan gefen rabin kuɗi zan karɓa. Na riga na fara.