Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne: a kan Recover da 'yan'uwansa

Jiya da daddare ni da ƙanina muka buga Pokémon Showdown, wasan intanet da ake gwabza faɗa da halittun Pokémon, kowa da wayarsa, muna zaune a kan tabarma ɗaya. Da na ci shi sai ya kife wayar ya ce, "Yaya, wannan ai ba wasa ba ne, tsoro ne. Duk sanda na kusa kashe Corviknight ɗinka sai ka danna Roost, jininsa ya dawo. Ka tsaya mu gwabza mana." Ban ba shi amsa a lokacin ba don ransa a ɓace yake, amma maganar ta kwana a raina. Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Kusan duk sabon ɗan wasa yana ganin dabarar maido da jini aikin matsorata ce, ni kuma na daɗe da yin imani cewa babu maɓallin da ya fi shi buƙatar ƙarfin zuciya a wannan wasa.

Na san zafin da yake ji, domin na taɓa jin sa. Duk wanda ya buga Gold ko Silver, waɗanda suka fito a Japan a 1999, ya san Whitney, shugabar filin faɗa ta garin Goldenrod, da saniyarta Miltank. Mataki na 20 kawai take, amma yaran da ta sa kuka ba su ƙirguwa. Ta fara Rollout, ƙarfinsa yana ninkuwa a kowane bugu. Ta yi wa namijinka Attract ya tsaya yana kallonta. Ka daure, ka tsakura, ka tsakura, sandar jininta ta koma ja, zuciyarka na dukan uku-uku, sai kawai ta sha Milk Drink, rabin jininta ya dawo. Ina tuna ranar da na zauna ina kallon sandar nan tana komawa koriya kamar an yi mini fashi da rana tsaka. Daga baya na fahimci cewa Miltank ce malamata ta farko. Ita ta koya mini cewa ba a lissafin faɗa da bugu ɗaya, ana lissafinsa da abin da ya rage bayan kowa ya yi nasa.

Bari mu duba abin da mai danna Recover, dabarar maido da jini irin Roost da Milk Drink, yake biya. Zagaye guda cur yake bayarwa kyauta. A cikin zagayen nan bai taɓa abokin karawarsa ba ko da ƙwarzane. Abin da ya samu rabin cikakken jininsa ne, ba ƙari. Idan bugun da ake yi masa yana cin kashi 45 cikin ɗari, to yana iya tsayawa. Idan yana cin 55, kowane Recover rami yake ƙara haƙa wa kansa, jinkirta mutuwa kawai yake yi. Dole ya san wannan lissafin a ka, kafin ya danna. Kuma wanda ke gabansa ba gunki ba ne. Yana iya amfani da zagayen kyautar ya yi Swords Dance, ƙarfin bugunsa ya ninka, bugun 45 ɗin nan ya koma 90. Yana iya shimfiɗa Stealth Rock, duwatsun da ke tsakurar duk wanda ka shigo da shi fili, ko ya shigo da wanda zai gama da kai ba tare da ya sha ko da mari ba. Mai warkarwa kullum yana caca ne a kan abin da ɗayan zai yi.

Roost ɗin da ƙanina ke kuka da shi ma ya fi haka haɗari. Tun da aka kawo shi a Diamond da Pearl a 2006, ƙa'idarsa ita ce tsuntsun ya sauka ƙasa ya huta, don haka a sauran wannan zagayen ya daina zama mai tashi. Corviknight da Earthquake ba ya taɓa shi, da ya yi Roost ya zama ƙarfe zalla a ƙasa, kuma idan Ting-Lu, wanda ya fi shi nauyin jiki, ya girgiza ƙasa bayan saukarsa, bugun zai shige shi ninki biyu. A wasanmu na jiya sau biyu ina riƙe numfashi a kan wannan. Ƙanina yana da Ting-Lu a fili, amma ya ɗauka Earthquake ba ya aiki a kan tsuntsu, sai ya sauya. Da ya san ƙa'idar da ni ne zan kife waya.

Rest kuwa ya maido maka da jininka duka, ya wanke guba da ƙuna, amma ka kwanta barci zagaye biyu a gaban maƙiyinka, sai dai in kana riƙe da Chesto Berry mai tashe ka nan take, wanda sau ɗaya ake ci. Synthesis da Moonlight da Morning Sun suna bin yanayi: a rana mai zafi kashi biyu cikin uku, a ruwan sama ko guguwar yashi kwata kacal. Kowannensu da farashinsa a rubuce.

Sannan wasan bai taɓa barin mutane ba magani ba. Taunt yana rufe bakin mai warkarwa gaba ɗaya. Encore yana ɗaure shi a kan abin da ya danna. Toxic yana farawa da ɗaya cikin 16, yana hawa kowane zagaye har ya wuce abin da Recover zai iya cikewa. Knock Off yana fizge Leftovers, abin riƙon da ke ƙara jini kaɗan-kaɗan kowane zagaye. Trick yana cusa masa Choice Scarf, wanda ke ɗaure shi a kan dabara ɗaya, ya zama ba shi da amfani. Har sa'a ma ba ta gefensa: bugun mamaki, wanda ke ƙara rabi a kan ƙarfin bugu, yana zuwa sau ɗaya cikin 24, kuma in ka tsaya ana dukanka sau 16 kana warkewa, lissafi ya nuna kusan rabi da rabi ne ɗaya zai same ka. Wanda ya hau fili da mayaƙa shida masu bugu zalla, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, sannan ya ce bango ya hana shi wucewa, to bai zo da guduma ba ne.

Shi ya sa har yau ban gamsu da abin da aka yi a Scarlet da Violet ba, waɗanda suka fito a Nuwamban 2022. Recover ya fara rayuwarsa a 1996 da PP 20, wato sau nawa ake iya danna shi kafin ya ƙare. A zamanin Diamond da Pearl aka mayar da shi 10, wato 16 in ka cika shi. Yanzu 5 ne, iyakarsa 8. Ba shi kaɗai ba, har Roost da Slack Off da Soft-Boiled da Milk Drink da Shore Up da Rest, duk an raba su biyu a rana ɗaya.

Ba zan yi ƙarya in ce babu dalili ba. Na taɓa shiga wasan da ya haura zagaye 200, ni da wani muna ta sauye-sauye, ba mai iya karya wani, cajin wayata yana ƙarewa, har na daina jin daɗin ko da nasarar. Irin wannan yana korar mutane daga wasa, kuma wanda ya ce a rage shi bai yi laifi ba. Ni kaina ba na son salon da ba shi da niyyar cin nasara sai ta hanyar gajiyar da mutum.

Amma an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi jan wasa ba Recover ba ne, Regenerator ne, baiwar da ke maido da kashi ɗaya cikin uku na jini duk sanda Pokémon ya koma benci. Ba ta cin zagaye na musamman, ba ta da PP da zai ƙare, Taunt ba ya hana ta. Toxapex da Slowking da Alomomola suna shiga suna fita suna warkewa, ko sau ɗari ne. Ita ba a taɓa ta ba. Wanda ya sha bulalar shi ne mai gaskiya, wanda ke tsayawa a fili ya biya zagayensa: Hippowdon da Slack Off ɗinsa, Corviknight da Roost, Skeledirge, Garganacl. Su ne yanzu suke ƙirga takwas a zuci. Kuma a gasar hukuma, inda ake biyu da biyu, ka zo da shida ka zaɓi huɗu, da wuya wasa ya yi tsawon da mutum zai ƙarar da Recover takwas. Mu masu buga ɗaya da ɗaya, shida da shida, mu ne canjin ya sauka a kanmu. Da ni aka tambaya, da na ce a rage wa Regenerator zuwa kwata a bar sauran a 16, ko aƙalla a tsaya a tsakiya.

Abu ɗaya na yarda ya ƙaru, don in yi adalci: yanzu kowane Roost yana da nauyi. Da can ina dannawa da zarar jini ya sauka ƙasa da kashi 70. Yanzu sai in tambayi kaina, shin wannan ne lokacin, ko in adana shi don Great Tusk ɗin da na san yana nan zuwa a ƙarshe? Na ƙara iya wasa saboda haka. Amma ƙwarewar da ta zo ta hanyar matsi ba ta sa na ce matsin ya sauka a inda ya dace ba.

Akwai wani da aka bari da PP ɗinsa 10, kuma na ji daɗin hakan, don shi ne na fi ƙauna a duk wasan: Wish. An kawo shi a Ruby da Sapphire. Ka danna shi yanzu, ba abin da ke faruwa. Sai a ƙarshen zagaye na gaba warakar take sauka, kuma a kan duk wanda ke tsaye a wurin take sauka, ko kai ko wani. Tun daga Black da White, rabin jinin wanda ya yi roƙon ake bayarwa, ba na wanda ya karɓa ba. Ma'ana mai yalwar jini yana iya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa wanda ba shi da hanyar warkar da kansa. Alomomola da aka cika wa jini tana da 534, don haka 267 take miƙawa.

Makon jiya na ga amfaninsa a wasan da ba zan manta ba. Great Tusk ɗina ya rage da kashi 14 cikin ɗari, kuma shi kaɗai ne zai iya tare Kingambit ɗin da abokin karawata ya ɓoye don ƙarshe. Great Tusk ɗin nawa ba shi da Recover, ba shi da komai irinsa. Na shigo da Alomomola, na danna Wish. Shi ma ya gane abin da nake shiryawa, ai ba yaro ba ne. Idan na sauya kai tsaye, bugun da ya saki zai sami Great Tusk a bakin ƙofa, ya faɗi kafin warakar ta iso. Idan na tsaya na yi Protect don kare bugun, Alomomola ce za ta sha abin da ba ta buƙata, kuma na ɓata zagaye biyu a banza. Na kalli agogon wasan yana raguwa, tafin hannuna ya jiƙe. Sai na danna Flip Turn, wanda ke sa ta buga sannan ta koma benci, ina dogaro da cewa ta fi wanda ke gabanta jinkiri. Ya rigaye ta, ya buga, ta shanye bugun a jikinta, sannan ta juya ta fita. Great Tusk ya shigo fili babu wanda zai taɓa shi, duwatsun da ke ƙasa suka ɗan tsakure shi, sai tauraron Wish ya sauko. Sandar ta tashi daga ja ta wuce kashi 80. Zagaye tara bayan haka Kingambit ya fito, ya tarar da shi a tsaye.

Wannan wasan na nuna wa ƙanina yau da safe, zagaye bayan zagaye, na tsayar da shi a daidai inda na danna Flip Turn na ce ya faɗa mini me zai yi in shi ne. Ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba, sannan ya ce shi Protect zai danna. Mun yi kusan rabin awa muna gardama a kan wannan zagaye ɗaya, kuma har yanzu bai yarda cewa nawa ne daidai ba.