Kada a goge kwamfuta don kawai Wi-Fi na katsewa

Jama'a, tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane suka yi ta komawa Windows 11, kuma korafi ɗaya nake ta ji a bakin ɗalibai da ma'aikata da masu shagunan buga takardu: kwamfuta tana aiki lafiya lau, an ɗora mata sabon Windows, sai Wi-Fi ya fara ɗaukewa. Ya haɗu yanzu, an jima ya katse, alamar duniyar nan ta fito a ƙasan allo, wani lokaci ma jerin sunayen netwok ɗin gaba ɗaya ya ɓace sai an kashe an kunna.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganin da ake ba mutane. Mutum ya ɗauki kwamfutarsa ya kai shago, mai gyara bai ko zauna ya duba ba, sai ya ce, “Oga, sai an yi mata fomat.” Wannan aiki ne na ganganci, kuma cutar da mai kaya ne. Bayan an sabunta Windows, tsohon tsarin yana nan a ajiye cikin wata jaka mai suna Windows.old, kuma mutum yana da kwana 10 da zai iya komawa kansa daga Settings, ya shiga System, sannan Recovery, ya danna Go back, ba tare da ya rasa takardunsa ba. Wanda ya yi maka fomat ya rufe maka wannan ƙofa. Ga hotuna da aikin makaranta da lissafin kasuwanci da suke salwanta a hanya. Abin takaici kuma, sau da yawa ana gama gogewar, Windows ya sake sauko da direban Wi-Fi, wato 'yar manhajar da ta jawo matsalar tun farko, a koma gidan jiya, kuɗin gyara kuma ya tafi.

Direba dai ita ce 'yar manhajar da ke haɗa Windows da katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar, wanda galibi Intel ko Realtek ko Qualcomm ko MediaTek ko Broadcom suka ƙera. Lokacin sabuntawa, Windows kan cire direban da HP ko Dell ko Lenovo suka gwada da wannan samfurin, ya sa wanda yake ganin ya dace. Katin lafiyarsa ƙalau, tafintan ne aka sauya masa. Abin ya fi taɓa mu domin yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, waɗanda aka shigo da su bayan sun sha aiki a Turai ko Amurka. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesa wanda bai tsufa ba (in na Intel ne, galibi daga zubi na 8 zuwa sama), amma a kasuwa ana tsallake wannan sharaɗi a ɗora shi a kan tsohuwar na'ura, wadda mai yiwuwa kamfanin da ya ƙera katinta ya daɗe da daina fitar masa da sabon direba.

Kafin komai, a gano inda laifin yake. Kunna hotspot na wayarka ka haɗa kwamfutar da shi. In ta zauna daram a kan waya amma tana katsewa a kan MiFi ko rawuta, to matsalar tsakaninta da wannan na'ura ce. In kuwa ko'ina tana katsewa alhali wayoyin gidan suna aiki, to a bar zagin kamfanin layi, abin yana cikin kwamfutar.

Ina roƙon a tsaya a kan maganar wuta, domin nan ne halin da muke ciki ya bambanta da na waɗanda suke rubuta shawarwari daga waje. Su kwamfutarsu kusan kullum tana jone da caji. Mu kuwa rabin yini a kan batir muke aiki. Windows kuma yana da tsarin tattalin batir wanda ke rage wa katin Wi-Fi ƙarfi, ko ya kashe shi ɗungurungum idan ya ga kamar ba a amfani da shi, sabuntawa kuma takan mayar da waɗannan saituna yadda suka zo daga kamfani. Ka lura da kyau: in katsewar tana zuwa ne da zarar an ɗauke wuta, ko bayan ka rufe murfin kwamfutar ka sake buɗewa, to kusan ka kama ɓarawon. Danna maɓallin dama na linzami a kan Start, ka buɗe Device Manager, ka shiga Network adapters, ka zaɓi katin Wi-Fi ɗinka, ka je Power Management, ka cire alamar da ke gaban “Allow the computer to turn off this device to save power”. Wasu sababbin kwamfutoci ba su nuna wannan shafi, kada hakan ya dame ka. Daga nan ka shiga Power Options a Control Panel, cikin manyan saituna ka nemo Wireless Adapter Settings, ka mayar da na batir zuwa Maximum Performance. Batir zai ɗan ƙara saurin ƙarewa, gaskiya ne, amma wanda ke tsakiyar cike fom na makaranta ko taro ta Zoom ya san wanne ya fi masa.

Af, kuma a riƙa danna Restart, ba Shut down kaɗai ba. Saboda tsarin saurin tashi da Windows ke da shi, kashewa ba ta sake loda direbobi daga tushe yadda Restart ke yi.

In wannan bai yi ba, sai a koma kan direban. A wuri ɗaya cikin Device Manager akwai shafin Driver, a nan za ka ga Roll Back Driver, wanda ke mayar da direban da yake kai a da. In yana dannuwa, danna shi. In ba ya dannuwa, juya bayan kwamfutar ka karanta lambar samfurinta, ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sauko da direban Wi-Fi na wannan samfuri. Wanda zai ce ta yaya zan sauko da abu ba intanet, amsar tana aljihunsa: haɗa waya da kebul, ka kunna USB tethering. Don Allah a guji manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, ɓarnarsu ta fi amfaninsu.

Ta ɓangaren rawuta kuwa, ka sa kwamfutar ta manta da netwok ɗin ka sake shigar da kalmar sirri. In rawutar tana haɗa 2.4GHz da 5GHz a suna ɗaya, raba su ka gwada kowanne, domin wasu tsofaffin katuna suna rikicewa wurin tsalle tsakaninsu. In tsaronta yana kan WPA3, gwada WPA2. Network reset yana nan a Settings, amma shi ne na ƙarshe, domin zai share duk kalmomin sirrin Wi-Fi da ka ajiye.

Wani lokaci kuma laifin daga sabuntawar ne kanta. A watan Disamba na 2023, sabuntawar KB5033375 ta hana kwamfutoci da yawa masu Windows 11 haɗuwa da Wi-Fi na jami'o'i da ma'aikatu, Microsoft ya amsa cewa daga gare shi ne, ya janye canjin cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya goge kwamfutarsa a wannan mako ya yi asarar banza. Shi ya sa yake da kyau a duba Update history, a ga ko ranar da matsalar ta fara ta zo daidai da ranar da wata sabuntawa ta shiga, a cire ta a gwada.

'Yan'uwana masu gyara, ina girmama sana'arku, kuma na san mai kaya yakan zo da gaggawa yana son a sallame shi nan take. Amma Windows da kansa yana rubuta tarihin katsewar. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta netsh wlan show wlanreport, zai fitar maka da rahoton kwana 3 da suka wuce, da lokacin kowace katsewa da dalilin da aka rubuta mata. Ka nuna wa mai kaya, ka caje shi kuɗin bincikenka, halaliyarka ce. In bincike ya nuna katin ne ya tsufa ba shi da direban Windows 11, ƙaramin Wi-Fi na USB zai wadatar da shi. In kuma yana cikin kwana 10 ɗin nan, ka mayar masa da Windows 10, ka yi masa rajistar ƙarin sabuntawar tsaro ta ESU, wadda Microsoft ya buɗe wa masu amfani na gida har zuwa 13 ga Oktoba, 2026.