Walimar kammala jami'a: a rage yawan kala, a tsare lafiyar baƙi

Iyaye da 'yan'uwa masu shirin yi wa ɗa ko 'ya walimar kammala jami'a, ina da magana a kan abinci, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a ce na cika tsanani.

Idan aka zauna da mai girkin biki, kusan duk hirar a kan yawan kala take ƙarewa. Shinkafa iri biyu, kaza, naman sa, kifi, salak, kek mai hawa uku, ga kayan maƙulashe a jere. Da wuya ka ji an tambayi ƙarfe nawa za a sauke tukunya, ko a ina abincin zai zauna kafin baƙi su iso. Ni kuwa a wurina waɗannan su ne tambayoyin farko, ɗanɗano ma bayansu yake zuwa.

Ranar yaye ɗalibai lokaci ba a hannun mai walima yake ba, a hannun makaranta yake. Jawabai su ja, a yi ta kiran sunaye, a fito a tsaya ɗaukar hoto da rigar digiri, ga cunkoson motoci a bakin ƙofa. Abokan wanda ake yi wa walimar kuma yawancinsu su ma ranar suka gama, kowa da tasa hidimar, don haka ba tare suke zuwa ba. Wasu su leƙo da rana, wasu sai duhu ya yi. Abincin da aka sauke ƙarfe 10 na safe sai ka ga ana zuba wa mutane shi ƙarfe 5 na yamma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai a ɗaki. Mai zafi ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, mai sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suke samun yadda suke so, har wasu kan ninka kansu duk minti 20. Ma'aikatar noma ta Amurka ma cewa ta yi idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce iyaka. Kada a ɗauki abin da wasa: a ƙiyasin da hukumar lafiyar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne suke kwantawa ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki suna rasa rayukansu.

Shinkafa ce ta fi damuna, domin kowa yana ganin ba ta da illa. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafa ta huce ta zauna ɗumi-ɗumi na awoyi, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ba ta jin wuta. Ko an sake ɗumama shinkafar har tana tururi, tana nan, cikin 'yan awoyi sai amai ya taso wa wanda ya ci. Katuwar tukunyar nama da miya ita ma da tata matsalar: samanta ya huce, tsakiyarta ta daɗe da ɗumi, nan wata ƙwayar cutar, Clostridium perfringens, take yaɗuwa, sai cikin dare ko washegari a tashi da murɗawar ciki da gudawa. Kek mai kirim da salak mai mayonis kuwa, hannun da ya taɓa su ne kan kawo ƙwayar cutar Staphylococcus, rana ta ƙarasa aikin. Abin tsoron shi ne duk waɗannan ba lallai su canza wari ko ɗanɗano ba. Shinshinawa ba gwaji ba ce.

Shi ya sa nake cewa a rage kala. Abinci uku da aka riƙe da kyau sun fi takwas da aka jera a tebur tun safe. Kuɗin da za a kashe a kan kala na biyar da na shida, a mayar da shi kan mazuban ƙarfen nan masu ƙaramar wuta a ƙasa, da ƙanƙara mai yawa, da mutum ɗaya da aikinsa kawai tsaron tebur. A riƙa fito da abinci kaɗan-kaɗan, idan ya ƙare a kawo wani a sabon mazubi, kada a juye sabo a kan tsoho. Kula kuma ba murhu ba ce, jinkirta hucewa kawai take yi.

Na san abin da za a ce: yaro ya yi shekara huɗu ko fiye yana wahala, rana ɗaya ce, kada mutane su ce an yi rowa. Na fahimci wannan, farin cikin iyaye a ranar ba ƙarami ba ne. Amma baƙo bai taɓa komawa gida yana ƙirga kala ba. Abin da yake riƙewa shi ne ya samu abinci da zafinsa, kuma ya kwana lafiya. Cikin masu zuwa akwai kakanni, akwai ƙananan yara, akwai masu juna biyu, su ne gubar abinci ta fi kayarwa.

Kafin a biya mai girki kuɗin somi, a tambaye shi ko yana da ma'aunin zafin abinci, domin kaza tana buƙatar tsakiyarta ta kai wajen digiri 75. A tambaye shi da me zai ɗauko abincin, kuma zai yarda ya kawo shi kashi biyu, na rana da na yamma? Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Wanda ya ce "ai ba a taɓa samun matsala ba" ya tsaya nan, ni dai ba zan ba shi aikin ba.

A kayan maƙulashe, busassu sun fi sauƙin riƙewa: biskit, kek marar kirim, 'ya'yan itace da ɓawonsu. Yankakkun 'ya'yan itace su zauna a kan ƙanƙara. Babban kek ya zauna a firij sai lokacin yankawa. Duk abin da aka sa wa gyaɗa, riɗi, ƙwai ko madara, a rubuta a 'yar takarda a ajiye gabansa, saboda akwai waɗanda ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi.

Sai ragowa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a 2022, kashi 28 cikin ɗari daga wuraren sayar da abinci da hidimar taro. Rage kala yana rage wannan asarar. Abin da bai bar wuta ko firij ba, a zuba a ƙananan robobi marasa zurfi, a sanyaya da wuri, a raba wa jama'a. Wanda kuwa ya yini a tebur, kada a ƙulla wa baƙo, kada a ba mabuƙaci da sunan kyauta. A zubar da shi.